Gawayin Mama Janet

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Ni ba mai rubutu ba ce, a aji shida na firamare na tsaya, a Funtua, kuma ko magana a gaban mutum uku nauyi take mini. Amma abin ya ƙi barina, kuma duk sanda na buɗe baki zan ba wani labarin sai muryata ta maƙale.

A Dagenham, wata unguwa a London, nake zaune, a flat ɗin Yaya Zulkiflu da matarsa. Ina aikin shara da goge-goge a wani zauren taro na unguwa, tafiyar minti ashirin a ƙafa. Mu biyu ne, ni da Anti Nimatu, mutuniyar Kumasi, wadda a Hausarta ta zango kowa “kai” ne, mace ko namiji.

Wata ranar Litinin a watan Disamba aka ce mu gyara ɗakin ajiya, domin ranar Asabar an yi booking ɗin zauren: taron addinai ne na ƙarshen shekara, kowa da teburinsa. A can saman kanta na ga wani gwangwanin biskit. Na buɗe, sai ga guntun itace ƙonanne, kamar tsawon tafin hannuna, baƙi ƙirin, mai nauyi.

Duk matar da ta zauna a garin nan ta san wahalar gawayi. Na kanti, mai zagaye kamar ƙwayar magani, warin sinadari yake yi, ya ɓata wa mutum turaren wuta. Wannan kuwa gawayi ne na gaske, irin na gida.

“Anti, na waye wannan?”

Ta leƙo. “Ragowar gawayin gashin nama ne na summer. Ɗauka, Zinatu. Kai da turare kamar amarya, miji kuwa babu.”

Na naɗe shi a leda na sa a jaka, na mayar da gwangwanin inda yake.

Da la’asar na kama shi da awartaki a kan gas har ya yi ja, na sa a kasko, na zuba turaren da Inna ta aiko mini. Na ɗan buɗe taga kada ƙararrawar hayaƙi ta tashi. Ƙamshin turarena bai fito ba. Abin da ya cika ɗakin ƙamshin daji ne bayan ruwa, jiƙaƙƙen ganye da ƙasa. Hayaƙin ma bai nufi taga ba. Ya kwanta ƙasa-ƙasa, ya bi kafet har bakin ƙofa, ya tsaya nan kamar mai jiran a buɗe masa. Na yi a’uziyya, na rufe gawayin da toka, na tura kaskon bayan kwaba.

Ranar Laraba na taɓa kaskon da ƙafa ba da niyya ba. Da ɗumi. Na ce wa kaina ai kusa da hita yake. Na matsar da shi gindin taga, inda sanyi ke shigowa. Ranar Juma’a ma da ɗuminsa.

Ranar Asabar tun azahar mutane suka fara zuwa. Masu coci da waƙoƙinsu, Yahudawa da kyandirori, Malam Abdul-Mumuni, wanda shi ke kula da zauren, ya jera dabino da shayi a teburin Musulmi. Teburin ƙarshe na Mama Janet ne, wata tsohuwar Baturiya siririya mai farin gashi har baya. Masu irin addininta su ne ake kira Wicca. Ni dai abin da na sani game da su kaɗan ne, kuma ban taɓa son ƙarin sani ba. Amma ita kaɗai ce a cikin masu zuwa zauren take kiran sunana daidai, kuma ba ta taɓa taka inda na goge sai ya bushe.

Ta shimfiɗa koren ƙyalle, ta zuba wani ganye mai ƙaya da jajayen ’ya’ya, ta jera fararen kyandirori. A tsakar gida ta sa an ajiye babban kwanon ƙarfe da gungumen itace a ciki, tunda hukumar unguwa ba ta yarda a hura wuta a cikin gini ba. Daga nan ta shiga ɗakin ajiya. Ina goge kofuna na ji ƙarar murfin gwangwani.

Ta daɗe ba ta fito ba. Da ta fito, gwangwanin na rungume a ƙirjinta.

“Nimatu, Zinatu, akwai wanda ya buɗe wannan?”

Anti Nimatu ta dube ni sau ɗaya, ta mayar da idonta kan tsintsiya. “Mene a ciki, Mama?”

Mama Janet ta zauna a kujera. Ta yi mana bayani a hankali, don ta san Turancina bai da ƙarfi. Yau, in ji ta, ita ce rana mafi gajarta a shekara, suna kiranta Yule. Idan rana ta faɗi sai su kashe duk fitilu, su zauna a duhu, sannan su hura gungume. Ba a bari ya cinye duka. Ana cire guntu a ajiye, da shi za a hura na baɗi. Wutar bana daga ta bara take fitowa, ta bara daga ta bara waccan.

“Shekara talatin da huɗu ba ta yanke ba,” in ji ta. “Na bara mijina Mordecai ne ya cire shi da hannunsa. A watan Afrilu ya rasu.”

Kalma huɗu ko biyar ce za ta warware maganar, amma na juya na nufi kicin.

Da muka koma kicin Anti Nimatu ta ja ni gefe. “Ka yi shiru. Ka ji ko? Ni ban gani ba, kai ba ka ɗauka ba.”

“Anti, yana ɗakina. Har yau bai mutu ba.”

“Me bai mutu ba?”

“Wutar.”

Ta saki hannuna. “Tun Litinin? Ka zuba mai ruwa ka karanta Ayatul Kursiyyu. Kayan mutanen nan ba na wasa ba ne. Ni dai kar ka sa sunana.”

Wajen huɗu saura rana ta faɗi. Muka yi magariba a ƙaramin ɗaki. Da muka fito Malam Abdul-Mumuni ya ce mini, “Zinatu, ke za ki tsaya a makunnin fitilu. Ba wani abu za ki yi ba, idan ta ɗaga hannu ki kashe, idan wuta ta kama ki kunna. Mu kallo ne namu.”

Mutum kusan hamsin suka zauna suna fuskantar ƙofar tsakar gida, wadda aka buɗe. Mama Janet ta yi gajeren jawabi a kan duhu da dawowar rana. Ba ta ambaci guntun ba. Ta ɗaga hannu, na kashe.

Ban taɓa ganin duhu irin wannan a London ba. Kullum akwai hasken titi, ko na waya, ko koren fitilar da ke saman ƙofa. Na san tana nan, amma ban tuna na gan ta ba. Tari ya tsaya, kujeru suka daina ƙara. Sai ƙamshin nan ya zo mini, na jiƙaƙƙen ganye da ƙasa. Na sunsuna gyalena, ba daga shi ba ne. Daga gefen damana yake, inda bango ne kawai, kuma gefen nan ya yi ɗumi kamar mutum na tsaye kusa da ni.

A tsakar gida aka ƙyasta ashana. Na ga fuskar Mama Janet, na ga ta sa wutar a ƙiraren da ke ƙarƙashin gungumen. Ta mutu. Ta biyu ma ta mutu. Wani ya miƙa mata laita. Ƙiraren suka ci, suka cinye, gungumen ko baƙi bai yi ba. Babu iska a ranar, ban ji ko ganye ya motsa ba.

Cikin duhun na ji ta ce, ƙasa-ƙasa, ba da mu take ba, “Mordecai, ka yi haƙuri.”

Ɗumin da ke gefena ya matso har na ji shi a kunnena. Hannuna na kan makunni. Ban jira alama ba, na kunna.

Mutane suka ƙyafta ido, wasu suka yi ’yar dariyar kunya. Babu kowa a damana. Mama Janet ta miƙe da ƙyar, ta ce itacen ne ya jiƙe, a kunna kyandirori kawai. Masu coci suka ɗauki waƙa, aka sha shayi. Da ta zo tafiya na ji tana gaya wa Malam cewa ita za ta dawo da safe, lokacin fitowar rana, ta sake gwadawa ita kaɗai. Idan ya ƙi, shi ke nan, ta bar abin.

Ta wuce ta gabana ta ce, “Na gode da fitila, Zinatu.” Na sunkuyar da kai.

Da na isa gida na ɗebo ruwa a kofi kamar yadda Anti ta ce. Na tsaya a kan kaskon. Addininta ba nawa ba ne, kuma ba zan taɓa zama a da’irarsu ba. Amma abin nan nata ne, ni na ɗauka ba da izini ba, kuma na yi shiru tana tambaya. Wannan kam a addinina na san sunansa. Na shanye ruwan.

Washegari bayan asuba na sa kaskon a cikin tukunyar miya, na rufe, na naɗe da tawul. Matar Yaya ta tambaye ni ina zan kai abinci ranar Lahadi da sassafe, na ce wajen aiki. Na taka a ƙafa, tukunyar na ɗumama mini ciki, raɓa ta daskare a kan gilasan motoci.

Takwas ta kusa lokacin da na isa. Tana tsakar gida ita kaɗai, cikin babban kwat, zaune a gaban gungumen, sama ta fara ja ta bayan rufin gidaje. Na ajiye tukunyar a gabanta na durƙusa.

“Mama Janet, ni na ɗauka. Na zaci gawayi ne. Na ƙona shi don turare. Jiya kin tambaya na yi shiru.”

Ta dubi tukunyar, ta dube ni. Na buɗe murfin, na ɗauki ɗan tsinke na ture tokar. Guntun ya ragu, bai fi ƙwallon dabino ba. A tsakiyarsa akwai ɗigon ja.

Ta sa hannu biyu ta rufe bakinta.

Na juye shi a kan busassun ƙiraren da ta kawo, na ja da baya, na bar mata hurawar. Ban tsaya na ga ko ya kama ba. Na shiga ciki na ɗauki tsintsiya, domin zauren na nan yadda aka bar shi jiya.