Ranar da Hedimasta Ya Zagaya Fili

Shekara shida Malamar wasanni ta yi tana koyar da motsa jiki a wata firamare da ƙwallo ɗaya tak, wanda ya sha faci har ba a gane asalin launinsa. Yara suna kiranta Anti Usur, don usur ɗin da ke rataye a wuyanta shi kaɗai ne kayan aikin da makaranta ta taɓa saya mata. Filin wasan kuwa rabinsa ramuka ne. Rabin da yake lafiyayye nan Hedimasta yake ajiye motarsa, saboda inuwa.

Ita ta ji labarin tallafin da ofishin ilimi yake bai wa makarantu don inganta wasanni, ita ta cike takardun, ita ta yi ta sintiri har aka amince. Ranar da kuɗin suka shigo ta tafi taron kwamiti da 'yar takardarta a hannu: ƙwallaye ashirin, igiyoyin tsalle, raga biyu, da tifa uku ta ƙasa don cike ramuka.

Hedimasta ya karanta, ya cire tabarau, ya dubi Mataimakinsa da Shugaban iyayen yara.

"Malama, kin yi ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Amma ke wasa kika sani, mu kuma tsari muka sani. Ƙasa? In baƙo ya zo ƙasa za mu nuna masa? Ina ne babu ƙasa?"

"Ranka ya daɗe, yara uku suka gurɗe a filin nan bana."

"Ai shi yaro da faɗuwa yake girma," in ji Shugaban iyaye, wanda nasa 'ya'yan suke makarantar kuɗi.

Cikin mako uku tsari ya bayyana. Kafinta ya kawo kabad mai gilashi, aka jera kofuna bakwai masu ƙyalli a ciki, alhali makarantar ba ta taɓa zuwa ko ta uku a wata gasa ba. Aka kafa ƙaton allo a bakin ƙofa da hoton wani yaro yana tsallake sanda. Aka shigo da keken motsa jiki ofishin Hedimasta, ya zama wurin rataye hula da jaka. Ƙanen matar Hedimasta, wanda tela ne, ya ɗinka wa malamai riga da wandon wasa masu ruwan ganye. A bayan ta Hedimasta an rubuta BABBAN KOCI. Har Shugaban iyaye ya samu nasa. Da aka zo kan Anti Usur sai aka ce yadi ya ƙare.

An dai saya mata ƙwallaye uku. Ta miƙa hannu za ta ɗauka, Hedimasta ya rigaye ta, ya jera su a kabad kusa da kofuna, ya murɗa makulli.

"Haba Malama, so kike yara su ɓata su da ƙafa kafin masu duba aiki su zo?"

Ranar duba aiki kowa ya sha sabon ɗinki. Tsohon sufeton da suka saba da shi suke jira, mutumin kirki, wanda yake zama a ofis ya ci ya sha, ya sa hannu, ya tambayi lafiyar iyali. Ashe ya yi ritaya. Wata mata siririya ce ta sauko daga mota, da kambas a ƙafarta, da agogon awon gudu a wuya.

Ta tsaya gaban kabad ta daɗe.

"Wannan babban, a wace gasa kuka ci shi?"

"Ranki ya daɗe, muna sa ran ci ne," in ji Hedimasta.

Ta buɗe rahoton da shi da kansa ya aika ofis, ta karanta a fili: makarantar tana da masu horarwa tara, kuma kowace safiya Babban Koci yana jan yara su zagaya fili sau biyu.

"Madalla. Ga safiya, ga yara, ga fili. A nuna mini."

Shugaban iyaye ya tuna nan take cewa likita ya hana shi lanƙwasa gwiwa. Mataimaki ya ce shi aikinsa tsayawa a baya don lura da masu rauni. Hedimasta ya waiwaya yana neman wanda zai cece shi, idonsa ya sauka kan Anti Usur. Ita kuwa ta riga ta jera 'yan aji biyar a layi, usur na bakinta.

Ta hura.

A gaskiya taku ashirin na farko Hedimasta ya yi su da martaba, tumbi na gaba yana biye. Sai numfashi ya fara fita da ƙara. Yaran sun san filin kamar tsakar gidansu, suna kauce wa kowane rami ba tare da sun duba ƙasa ba. Shi kuwa iyakar saninsa da filin daga ƙofar mota zuwa baranda ne. A kwanar farko ƙafarsa ta dama ta shige rami har idon sawu. Ya tafi gaba ɗaya, ya dafa ƙasa da hannu biyu, wandon da ƙanen matarsa ya ɗinka ya yage daga ƙugu har gwiwa, da ƙarar da aka ji har bakin aji ɗaya.

Daga cikin yaran wata 'yar ƙarama ta fashe da dariya, shi ke nan fili ya ɗauka. Anti Usur ta ciji leɓe ta hura usur, ta ja su suka ƙarasa zagaye biyun, yayin da malamai huɗu suka ciccibi Babban Koci zuwa inuwa.

Sufeton ta bi shi har inda aka kwantar da shi, ta yi masa sannu, ta nemi makullin kabad. Ta miƙa wa Anti Usur ƙwallayen uku da hannunta. Awa guda yara suka yi suna buga sabon ƙwallo, maza da mata, suna ihu. Anti Usur ta tsaya a tsakiyarsu tana alƙalanci.

Kafin ta tafi, sufeton ta rubuta cewa in ba a gyara filin cikin wata ɗaya ba, a mayar da tallafin. A kwana huɗu aka cike ramukan. Hedimasta da kansa ya tsaya kan direban tifa, yana dogara sanda, yana faɗa wa duk wanda ya wuce cewa shi fa ya daɗe yana magana a kan ramukan nan, ba wanda ya saurare shi.

Ranar Litinin ya kira Anti Usur ofis ya miƙa mata takardar gargaɗi, saboda sakacin barin ramuka a filin da ke ƙarƙashin kulawarta har shugaba ya ji ciwo. Ta karanta sau biyu.

"A ina zan sa hannu, ranka ya daɗe?"

"Nan ƙasa. Kuma ki riƙa ɗaukar aikinki da muhimmanci."

A ƙarshen zango ofishin ilimi ya shirya bikin karrama makarantu. Labari ya riga ya kai can cewa akwai wani hedimasta da ya gurɗe ƙafa yana tsaka da horar da ɗalibansa. Aka kira shi gaban jama'a, aka ba shi takardar yabo ta shugaban da ya fi kishin wasanni. Ya yi jawabi na minti arba'in a kan amfanin motsa jiki, a zaune.