Delmer da Jan Furen Bakin Rafi

Tun da Delmer Sizemore ya ajiye tuƙin tirela, zama ya gagare shi. Mutumin da ya tsufa a kan hanya, sai ga shi a baranda cikin duwatsun Kentaki, yana kaɗa ƙafa kamar mai jiran a kira shi. Ya gyara famfon da bai lalace ba. Ya wanke mota har matarsa Wanetta ta ce zai kankare mata fenti.

Ita Wanetta, in ka cire jikokinta, ba abin da take ƙauna kamar kadinal ɗinta, jan furen nan mai dogon kara da ta gaji irinsa daga mahaifiyarta, ta shuka a bakin rafin bayan gida. Ba ya son ƙasarsa ta bushe, in kuma ruwa ya shanye kansa ya daɗe sai ya ruɓe. A watan Agusta yake yin jawur, 'yan tsuntsaye masu tsotson fure su yi ta shawagi a kai.

A watan Yuni biba suka zo. Dabbobin ruwan nan masu haƙora kamar gizago suka sassare ƙananan itatuwa, suka datse rafin da rassa da laka. Ruwa ya soma hawa gindin shukar.

"Kwantar da hankalinki, tsohuwa," in ji Delmer, idonsa har ƙyalli yake. "Ni da su ne."

Ya zura dogon takalmin roba, ya ɗauki shebur da gatari, ya wuni yana rushe madatsar. Gari na wayewa ya tarar sun mayar da ita, har da ƙari. Ya sake rushewa, suka sake ginawa. Abinci ma a tsaye yake ci, yana leƙen rafi ta taga.

Ranar da Wanetta ta tafi duba ƙanwarta, sai wata dabara ta faɗo masa. Ya haƙe rabin shukar, ya kai tudu kusa da gareji, inda ruwa ba zai taɓa kaiwa ba. Kafin ta dawo zafin Yuli ya sa ganyen ya langaɓe.

"Wa ya aike ka?" Wanetta ta ce, jakarta na hannu ko ajiyewa ba ta yi ba. "Furen fadama ka kai kan tudu? Kai mutumin nan, hannunka ba zai zauna lafiya ba?"

"Ceton su na yi."

"To, ga ceto nan, dube shi."

Ya yi ta jidar ruwa da bokiti, hawa da sauka, har bayansa ya riƙe. Da yawa suka mutu duk da haka. Ya hango ta durƙushe tana tsince matattun tana share ido da bayan hannu, ya rasa inda zai sa kansa.

Ana nan sai maƙwabcinsu Orville ya zo da tarkuna a bayan akori-kurarsa.

"Mutumina, ka sha wahala. Ba ni 'yan kwanaki, ko ɗaya ba zan bar maka ba."

Delmer ya sosa ƙeya. "Ai abin da doka."

"Ina da izini."

"Kuma na ga kamar suna da ƙanana."

Orville ya bushe da dariya. "Kai da ka rantse sai ka yi hula da fatarsu?"

Wanetta na baranda tana kallon mijinta yana kame-kame, tana lissafin yadda safiya za ta zama in ya tashi babu madatsar rushewa. "Orville," ta ce, "bar tarkunanka a mota. Shigo ka sha kofi, akwai wainar masara."

Bayan ya tafi ta gindaya wa Delmer sharaɗi. Biba nasa ne, fure nata. Da hannunta ta mayar da waɗanda suka rage sabon bakin ruwan, inda ƙasa ke da laima. Shi kuma zai ratsa madatsar da bututu yadda ruwan ba zai wuce haka ba.

Washegari suka fita sayen bututu. Ya wuce shagon garinsu a mota, ko rage gudu bai yi ba.

"Ga shagon ka wuce."

"Nasu ba shi da kauri. Na Lexington ya fi."

Ta dube shi, ta gyara zama, don birnin Lexington tafiya ce mai nisa. "In kaji suka kwana da yunwa, kai za ka ba su haƙuri."

Bututun ya yi aiki, ko da yake kullum sai ya shiga ruwa ya cire lakar da aka toshe shi da ita. Furen bana bai taka kara ya karya ba, 'yan tsiraru ne suka yi ja. Da kaka ta yi, Wanetta ta karkaɗe irin a tafin hannunta, ƙanana kamar garin barkono, ta barbaɗa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"In kawo shebur mu rufe?"

"Ba a rufe shi, haske yake so. Tsaya can inda kake."

Ya tsaya, hannu a aljihu. Da ta ɗago kai, har ya kai gareji yana janyo tsani, idonsa na kan rassan da suka yi wa wurin inuwa.