Atishawar Lakay Bumogas

Ƙafarta ɗaya tana kan matakalar ƙarshe, jaka a hammata, sai Malama Sioning ta ji ta daga baya, mai ƙarfi, har kajin da ke ƙarƙashin ɗakin suka watse.

"Atishaa!"

Ba ta waiga ba. Ko ta waiga ba abin da za ta gani sai inuwa. Shekara uku ke nan da yanar ido ta rufe mata gani, har ta kai ba ta bambanta mijinta da ginshiƙin gida sai ɗayansu ya yi magana.

"Lakay," ta ce, "ta uku ke nan."

"Ni na kira ta, Baket?" in ji mijinta Bumogas yana jan hanci; Lakay da Baket suke kiran juna, wato tsoho da tsohuwa. "Zuwa take yi. Komo ki zauna, gobe ma rana ce."

Sai dai goben ba ta da amfani. Likitocin ido sun sauka a garin Bangued na kwana uku, suna cire yana kyauta, yau kuma ita ce ta ƙarshe. Ran Litinin ya yi atishawa, ran Talata ya maimaita. Mota kuwa ɗaya ce ke sauka daga dutsen a wuni.

A wajen dangin mijinta, 'yan ƙabilar Tingguian, wanda ya ɗaga ƙafa zai yi tafiya aka yi atishawa, to ya koma ɗaki. Kowa yana da labarin wani kawunsa da ya ƙi ji, kogi ya tafi da shi. Waɗanda aka yi wa atishawa suka je suka dawo lafiya ba a taɓa ƙirga su ba, don labarinsu ba ya daɗin ji. Ita 'yar ƙabilar Ilocano ce, daga ƙasan dutse inda ake noman taba. Ta hau dutsen nan koyarwa shekara arba'in da shida da suka wuce, ta auri Bumogas, ta koyi rawarsu da girkinsu, amma ba ta taɓa yarda hancin mutum ya san abin da ke kan hanya ba.

"Ba ni hannunka," ta ce.

Ya sauko yana gunaguni, ya miƙa mata damtse kamar kullum. "Dutse a dama. Kashin ɓauna, tsallaka. Na gaya miki dai, Kulas ba zai ɗauke ki ba."

A nan ne ta ji warin. 'Yar manomin taba ba ta bukatar ido kafin ta gane taba, kuma rabon Bumogas da ita shekara goma sha biyu. Ta yi kamar ta yi tuntuɓe, hannunta ya faɗa kan aljihunsa, ta taɓo ɗan ƙulli mai laushi. Gari ne, an daka shi sosai. 

Labarin atishawar ya riga su isa bakin mota. Kulas direba, wanda yanzu har ya yi jika, ya cire hula yana murza ta.

"Malama, kin san da ni kaɗai ne, ko a baya sai in goya ki. Amma dubi mota. Mutum sha tara, alade biyu, ga hanya ta sha ruwa."

"Kulas, kai ne na yi shekara biyu ina fama da kai a kan bakwai sau takwas?"

"Har yau ban san amsar ba, Malama. Amma na san zurfin ramin da ke kwanar hanya ta uku."

Mutanen cikin mota suka yi dariya, amma ba wanda ya matsa ya ba ta wuri.

"Apo Sagmayao yana ciki?" ta tambaya.

Yana gaba, kusa da direba, inda tsofaffi ke zama. Shi ne dattijon da ake kai wa rikicin gona da na al'ada. Ta sa Bumogas ya ja ta har bakin tagar, ta sassauta murya kamar sabuwar amarya.

"Apo, ni baƙuwa ce a dutsen nan, a ƙara mini sani. Atishawar mai mura, ita ma alama ce?"

"Shekara arba'in da shida, wai baƙuwa," tsohon ya ce. "A'a. Wannan majina ce kawai."

"To mutumin da ya yi kwana uku a jere yana atishawa kowace safiya fa?"

Apo Sagmayao ya sosa haɓa. "Alama ba ta cika maimaita kanta ba. Ko dai mura ce..."

"Ko me, Apo?"

"Ko kuwa mutum ne ke wasa da abin kakanni. Shi kuwa wannan sai ya yanka wa dattawa alade, ya tsaya a tsakiyar gari ya faɗi abin da ya yi."

Malama Sioning ta ji damtsen da take riƙe da shi ya sandare. Can sai Lakay Bumogas ya yi wani ɗan tari mai ban tausayi.

"Jikina ma da ɗan zafi-zafi tun jiya," ya ce.

"Ayya, Lakay! Ka ƙi faɗa?" Ta ɗaga murya. "Kulas, kama shi. Murar kwana uku a jikin tsoho ba abin wasa ba ce. Asibiti za mu kai shi."

"Asibiti? Ni? Baket, ganye zan dafa..."

"A ba marar lafiya wuri!" wata mata ta yi kira daga ciki. Hannaye suka fito suka jawo shi. Mutumin da ya shekara saba'in da huɗu allura ba ta taɓa shiga jikinsa ba ya tsinci kansa tsakanin buhun shinkafa da matarsa, ko takalmin fita bai sa ba.

Awa uku suna gangara, bai yi magana ba, bai kuma yi atishawa ba. A kwana ta uku Kulas ya rage gudu, mata suka yi alamar gicciye, motar ta wuce lafiya, ba wanda ya ce komai a kai.

A bakin kogi aka hau da motar kan jirgin fito, fasinja suka sauka su miƙe ƙafa. Ya kai ta gefe ya ɗora hannunta kan ƙarfen kariya.

"Ba ni tabar," ta ce a hankali.

Ya daɗe kafin ya sa mata ƙullin a tafi. Ta jefa a jaka.

"Me kake tsoro? In gan ka? Ai tun da idona ma ba don kyau na aure ka ba."

"Haƙorana biyu sun faɗi."

"Na sani. Ina jin iska tana wucewa."

Injin jirgin yana ta bugawa. Da ya sake magana, ba ita yake kallo ba, ta gane daga inda muryar ta nufa.

"Shekara arba'in da uku ke kike karanta mini takarda. Ke kike magana da jami'ai, ni ina tsaye a bayanki riƙe da hula. In mun fito, kina gaba, ina biye. Shekarun nan uku ne kaɗai kika riƙe hannuna a kan hanya." Ya ja hanci, na gaske wannan karon. "In suka buɗe idon, sai ki wuce gaba abinki."

Jirgin ya kusa gaci lokacin da Malama Sioning ta juyo wajensa.

"Wawan tsoho," ta ce. "Ido ɗaya suke yi. Ɗayan naka ne, sai ka tsaya ta wannan gefen."

Sun isa asibiti ana shirin rufe rajista. Ita ce ta biyun ƙarshe. Wata ma'aikaciya ta ɗiga mata magani, ta bayyana wa Bumogas cewa sai an riƙa ɗiga wani sau huɗu a rana har wata guda, kada ta sunkuya, kada ta hura wuta, kada ta yi tafiya ita kaɗai. Ya sa aka maimaita masa sau biyu, yana lanƙwasa yatsu, ƙirjinsa yana ƙara fitowa. Da ma'aikaciyar ta tambaya wa aka ce yana mura, sai ya ce iskar kogi ta warkar da shi.

Suka zauna kan benci. Ta bayan ƙofa ana jin ƙarar ƙarafa cikin faranti. Wata mata da ta fito da auduga a fuska tana gaya wa 'yarta cewa a farke ake yi wa mutum aikin, yana jin komai. Malama Sioning ta gyara zama. Ta buɗe jaka kamar mai neman hankici, ta daɗe tana lalube, ta kai hannu fuska.

"Consolacion Bumogas!" aka kira cikakken sunanta.

Ta miƙe, ta ɗaga ƙafa ɗaya.

"Atishaa!"

Mutanen benci suka juyo. Ta tsaya cak, ta karkata kai wajen mijinta, tana jira.

Lakay Bumogas ya sunkuya ya ɗauke ɗan ƙullin da ya faɗo kusa da ƙafarta, ya mayar aljihunsa. Sannan ya miƙa mata damtse.

"Mura ce, Baket," ya ce. "A wajena kika ɗauka. Akwai ɗan tudu a bakin ƙofa, ɗaga ƙafa."