Ƙuri'ar Kawu Bawa

A kudancin Jidda, bayan gadar da manyan motoci ke bi zuwa unguwar masana'antu, akwai wani lungu da babu allon sunansa. Mutanen cikinsa Hausawa ne. Wasu aikin Hajji ya kawo su suka zauna, wasu nan aka haife su. Mazan suna dako da gini, matan suna kai gyaɗa da yaji kasuwar Balad. Ba su rasa abinci ba, ba su rasa masallaci ba. Abin da suka rasa shi ne iƙama, wato takardar izinin zama, sai kuma magudanar ruwa.

Ɗakin su Rahamatu shi ne na ƙarshe, daidai inda lungun ya gangara, don haka duk ruwan da ya sauka wajensu yake kwana. Ambaliyar da ta wuce ta bar zane a bango daidai ƙirjin yarinyar, kuma tun daga lokacin gindin bangon ke zuba kamar gari. Mairo, uwarta, ta ce in aka sake irin wannan ruwa bangon ba zai tsaya ba, su kuwa ba su da wani wurin zuwa.

A shekarar ne aka sake raba birnin gunduma-gunduma, aka ce kowace gunduma za ta zaɓi wakili a majalisar baladiyya, hukumar da ke kula da tituna da shara da magudanai. Baƙo ba ya zaɓe, mace ma ba ta yi. A duk lungun mutum ɗaya ne ke da takardar ɗan ƙasa, wato Kawu Bawa, tsohon da kakansa ya zo Makka a ƙafa. Yanar ido ta rufe masa gani, Rahamatu ce ke jansa zuwa masallaci. Ɗansa Abdulghaffar yana zaune can arewa wajen Abhur, kuma shi ne ya zo da mota wata rana ya kai shi can ya yi rajista.

Da zaɓe ya matso, Kawu ya tara mutane bayan la'asar. Ya ce, "Ƙuri'ar nan a hannuna take, amma ba tawa ba ce. Ku faɗa mini wanda zan ba."

Usuman mai dako ya miƙe ya ce, "A yi irin ta gida mana, ƙato bayan ƙato! Kowa ya bi layin gwaninsa."

Mairo ta ce, "Mu da ba ƙatti ba fa?"

"Yaya Mairo, in dai faɗi ake dubawa, ai ke ce a gaba."

"Ji ɗan banza! Allah ya shirye ka."

Aka kwashe da dariya, aka ciro hotunan 'yan takara biyu daga jikin gada. Ɗaya ya yi alkawarin fitilun titi, ɗayan kuwa, wani mai tabarau, ya yi alkawarin magudanai. Rahamatu ce ta riƙe hoton mai tabarau a saman kanta. Tana kallon layi yana tsawo a gabanta, maza da mata har da masu goyo, har ya kai ƙofar masallaci. Usuman kaɗai ya tsaya wa mai fitilu da yara biyu, daga baya ma ya sulale ya koma bayan Mairo.

Kawu ya ce, "Halas, magana ta ƙare. Mai tabarau ne."

Ranar zaɓe aka goge masa farar riga, aka fesa masa turare. Mutane suka rako shi bakin gada suka tsaya, don mai zama babu takarda ba ya kusantar inda 'yan sanda suke. Rahamatu ta ja shi zuwa makarantar da ke gaba, inda ake zaɓen gundumarsu. Ma'aikacin ƙofa ya duba katinsa, ya yi masa magana cikin ladabi da Larabci. Rahamatu ta ji sarai. Sunan Kawu ba a nan yake ba, sai ya je inda ya yi rajista.

"Yalla, tare mana tasi," in ji Kawu. "Ƙuri'a ai ƙuri'a ce, ko ina aka jefa ta."

Suka yi ta tafiya arewa. Tituna suka faɗaɗa, itatuwan dabino suka jeru a tsakiya, iska ta fara kawo ƙamshin teku. Rahamatu ta lura da ƙarafunan magudana a gefen titi, a bushe, babu ko digon ruwa a kansu.

A ƙofar wurin zaɓen wani saurayi ya karɓi hannun Kawu ya shiga da shi. Ita ta tsaya a inuwar katanga tana karanta ragowar hotunan da ke tsallaken titi, ɗaya bayan ɗaya. Wani zai gyara wurin shan iska a bakin teku, wani zai ƙara wurin ajiye motoci. Ta bi su daga farko zuwa ƙarshe, ta sake dawowa. Babu mai tabarau.

Kawu ya daɗe kafin ya fito. Da ta kama hannunsa ta ji ya yi sanyi.

"Kawu, ka ba shi?"

"Na sa yaron ya karanta mini sunayen har sau biyu. Ya ce namu na wata gunduma ne. Ni yanzu a wajensu mutumin Abhur ne, 'yar nan."

"To ka gaya musu a lungunmu kake kwana mana!"

"Na gaya musu. Suka ce sai wani zaɓen."

"To wa ka ba?"

"Ban ba kowa ba. Na ninke takardar na jefa yadda aka ba ni."

Suka kama hanyar dawowa. Suna sauka bakin gada mata suka rangaɗa guɗa. Usuman ya rugo yana cewa, "Ranka ya daɗe, an jefa?"

Kawu ya ce, "An jefa."

Aka sake guɗa. Mairo ta dafa kan 'yarta tana murmushi, ta ce bana dai ko an yi ruwa za su yi barci. Rahamatu ta buɗe baki, ta dubi fuskar uwarta, ta rufe.

Ta wuce ɗaki ita kaɗai. Ta ɗauko bulo daga bayan gida ta sa a ƙarƙashin ƙafafun gado, ta ɗora akwatin tufafinsu a kan kabad, ta rataye jakar allurar uwarta a ƙusa mafi tsawo. Ta gane cewa duk layin da suka yi babu wanda ya ƙirga shi sai su, kuma in ruwa ya sauka, ɗakinsu zai zo kamar yadda ya saba.