Fijon da Ke Kangon Bayan Gidanmu

Shekara goma sha biyar motar nan ta yi a kangon bayan gidanmu a Kabara. Kaji suna saka ƙwai a ƙarƙashinta, matan gida suna shanya kuɓewa a kan murfin injinta, tayoyin sun sace sun nutse a ƙasa. Fijo ce a-kori-kura, ta mahaifina Baba Nata'ala, sabuwa dal ya saye ta a zamanin ƙarfinsa. Ni kuwa Mika'ilu, sana'ata ke nan gyaran jikin mota da fenti, a wani gareji a Ƙofar Kabuga. Ka ji abin kunya: kullum ina fito da motocin mutane fes, ta ubana kuwa tsatsa na cinta a bayan ɗakina.

Da aka ce soja za su miƙa mulki, gari ya ɗauki harama. Duk wata akwalar mota sai da aka jawo ta gareji, a shafe ta da launin jam'iyya a ɗaura mata lasifika. Ni ba ruwana da jam'iyyar kowa, wallahi ko katin wata ban taɓa yanka ba. Abin da nake so ɗaya ne, in fito da motar nan kan titi da ƙafarta, in ɗauki Baba a gaba, mu bi ta Ƙofar Ɗan Agundi mutane su ce ga aikin hannun ɗansa.

Wata rana bayan azahar na same shi a soro yana jan carbi.

Na ce, "Baba, ina so in tayar da motar nan."

Ya ɗago ya kalle ni ya ce, "Hannunka ne." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ni kuma na ɗauke shi izini.

Kada ka ce ban san labarin Yusuf ba, na sani, kowa a unguwa ya sani. Yusuf ɗan maƙwabcinmu ne Malam Sule, wanda katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da kangon. A siyasar shekarar tamanin da uku, Baba ya ɗebo samarin unguwa a bayan motar za su taron jam'iyya, ana kiɗa ana waƙa. Wani mai keke ya gitta, Baba ya taka birki, Yusuf ya faɗo ta baya kansa ya bugi kwalta. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Ina Kaduna wajen koyon aiki a lokacin, sai gaisuwa na zo. Daga ranar Baba ya shigar da motar kango bai sake taɓa sitiyari ba. Amma ni a ganina ƙaddara ce ta riga ta wuce. Ga Baba ga Malam Sule a sahu ɗaya sau biyar a rana, suna gaisawa, suna zuwa sunan jikokin juna. Me kuma ya rage?

A kangon na yi aikin, tun da ba ta motsi. Duk ranar da na tashi da wuri daga gareji, da kowace Lahadi, ina can. Kai, na sha wuya! Ƙasan bodin ya ruɓe har kana hango ƙasa ta ciki, sai da na yanke shi na yi waldar sabon ƙarfe. Ƙofar direba ta lotse, na kwana uku ina bi da ƙaramar guduma kaɗan-kaɗan har ta dawo daidai. Masu gaggawa cike ramin suke yi su rufe da fenti, bayan damina biyu ya tsage ya tona musu asiri. Ni ba na wannan aikin. Injin ya riga ya daskare, ko motsi ba ya yi, na je kasuwar Ƙofar Ruwa na yi ta yawo har na samo wani mai lafiya, aka turo mini shi a baro ta cikin lungu. Na kewaye bodin da sandunan ƙarfe, na shimfiɗa sabon katako, na kai kujera wajen mai ɗinki ya yi mata sabuwar riga.

Gugar fenti ce ta fi cin rai. Da samfefa da ruwa, da hannu, har zanen yatsuna ya goge. Da na kankare ƙurar shekaru sai ga launin tsohuwar jam'iyyarsu ya fito, da ragowar rubutu a jikin ƙofa. Na ci gaba da guga har na tarar da farin da ta zo da shi, na wuce shi ma sai da na ga ƙarfe. Sannan na fesa mata shuɗi mai duhu irin na 'yan marina, shafe uku, ina bari kowanne ya bushe sosai. Da rana ta haske ta, ni kaina sai da na ja da baya na ce ma sha Allah.

Ranar da injin ya tashi ba zan manta ba. Na zuba mai, na ɗaura batir, na murɗa makulli, ta yi tari sau biyu ta kama. Na taka totur har ƙasa, kaji suka watse, hayaƙi ya turnuƙe kangon. Sai ga Baba ya fito ba ko hula. Na sauko na ba shi wuri, ya zagaya ya zauna a kujerar direba, ya ɗora hannu biyu a sitiyari ya rufe ido. Daɗi ya kama ni har na ji ƙwalla. Daga nan kullum bayan la'asar sai na tayar da ita in yi ta ba ta wuta, wai ina saita inji. Gaskiyar magana, so nake duk Kabara a ji. Sati uku ina wannan.

Ana jibi rantsar da sabuwar gwamnati na ce yau za ta ga titi. Na rushe 'yar katangar ƙasar da ta toshe bakin kangon, na shiga na sa giya, ta gangaro cikin lungu tana sheƙi. Mutane suka fito ana ta sambarka. Na taho a hankali har bakin lungun, inda masallacin unguwa yake dama, soron Malam Sule yake hagu. A nan na tsaya cak.

Ba ta shiga tsakanin masallacin da soron. Na fito na duba, na koma na ja baya na sake saitawa, na naɗe madubi, ina! Na kawo igiya na auna faɗin motar, na auna tsakanin katangun nan biyu. Taƙi ɗaya da rabi ya hana. Wata bakwai ina auna ƙarfe da zare don kada layi ya karkace, amma ban taɓa auna hanyar da nake bi sau goma a rana ba. A raina motar da ta shiga ai za ta fita. Wani daga cikin masu kallo ya ce, "Mika'ilu, ko fukafukai za ka yi mata walda?" Aka kwashe da dariya. Na yi ta taka totur don haushi, a nan ƙofar gidan mutane, sannan na koma da baya har kango, gumi na zuba kamar an watsa mini ruwa.

Ko hannu ban wanke ba na faɗa soro wajen Baba.

"Baba, ta ina motar nan ta shiga?"

"Ta lungun."

"To lungun ne ya tsuke?"

Ya ajiye carbin. Ya ce, "Masallacin ne ya ƙaru da sahu ɗaya. Kana Kaduna. Ni na sayi bulo, ni na ja wa magini igiya, kuma da faɗin motar na auna."



Ya ce, "Ranar da muka dawo daga binne yaron nan na rantse da Allah motar nan ba za ta sake bi ta ƙofar gidan Sule ba. Na san halin zuciya, wata rana talauci ko marmari zai sa in nemi hanya. Shi ya sa na sa katangar da ba wanda zai ɗaga mata hannu."

Raina ya ɓaci ƙwarai, ban ɓoye ba. Na ce, "Haba Baba! Kana zaune kana kallona wata bakwai, yatsuna suna jini, ba za ka ce mini uffan ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Na yi niyya ya fi sau goma. Sai in leƙo in ga yadda kake shafa ta, in fasa. Kuma ni ma ina so in ƙara jin kukanta kafin in mutu. Wannan son raina ne, ka yafe mini."

Ban taɓa jin Baba ya nemi afuwar ɗansa ba. Fushin ya rasa inda zai sauka, na fita na bar shi.

Masallaci dai ba mai taɓa shi, ko a mafarki. Saura soron Malam Sule. Ka ga rashin kunyar ɗan Adam, har na fara lissafin yadda zan roƙe shi in rushe kusurwar in mayar masa da ita da siminti. Ina zaune a kan bodin motar washegari da hantsi ina wannan saƙe-saƙe, sai ga shi da kansa ya yi sallama a bakin kangon, yana dogara sanda. Tun da na fara aikin bai taɓa leƙowa ba.

Na diro na durƙusa na gaishe shi. Ya zagaya motar sau ɗaya bai taɓa ta ba.

Ya ce, "Ka iya aiki, Mika'ilu. Allah ya yi albarka."

Na ce amin, ina neman ta inda zan ɓullo da maganar soro.

Ya ce, "Roƙo na zo yi. Ni tsakanina da mahaifinka ba komai, Allah ne shaida, tun a makabarta na yafe. Amma innarka 'Yardada, uwar marigayin, ba ta taɓa ganin motar nan da idonta ba, tana cikin gida. Kukanta ta sani. A da, in ta ji shi a lungu ta san su Yusuf sun dawo, sai ta tashi ta zuba masa tuwo." Ya ci gaba da cewa, "Ranar da ka fara tayar da ita, na shiga na tarar ta ɗauko kwano. Tana tsaye a tsakar gida da kwano a hannu, ta rasa abin da ya tashe ta. Sati uku ke nan, da an yi la'asar sai ta shige ƙuryar ɗaki ta toshe kunne da mayafi. Jiya da ka tsaya a ƙofarmu, ko ruwa ba ta iya sha ba."

Na tuna yadda nake danna totur ina murmushi, katanga ɗaya tsakanina da tsohuwar nan da ta goya ni ina jariri. Kunya ta rufe ni, na ji na tsani hannuna. Na ce, "Baba Sule, wallahi ban sani ba. Yau zan cire batir, ba za ta sake tashi ba."

Ya girgiza kai. "A'a. Muddin tana nan, kunnenta na nan. Fitar da ita za ka yi, ka kai ta inda za ta yi maka amfani. Amma a kashe."

Tare muka je wajen Baba. Malam Sule ya ce masa, "Nata'ala, don mu ka yi rantsuwar nan, to mu ne muke roƙo ka warware ta." Baba ya yi kuka a gabanmu, kuka sosai irin na tsofaffi da ba ya ƙara. Da ya natsu ya ce zai ciyar da mutum goma kaffara.

Kwana huɗu na yi ina kwance abin da na ɗaura. Na sauke inji, na cire ƙofofi da gilashi, na raba bodi da kan motar inda direba ke zama, na zare tayoyi. Kowace ƙusa na sa ta a gwangwaninta. A waje gari na ta biki, sabuwar gwamnati ta hau, motoci na wucewa da kiɗa, ni ina kango da sifana. Na naɗe sassan da tsofaffin barguna saboda fentin, duk da a lokacin ko ya kankare bai dame ni ba.

Ranar Lahadi bayan sallar asuba liman ya yi wa jama'a magana, mutum goma sha shida suka tsaya. Ba wanda ya yi zolaya ranar. Aka fara tura inji a baro, aka bi da ƙofofi. Aka kwantar da kan motar a gefensa aka wuce da shi da kyar, sannan ƙashin motar, ƙarfen da komai ke zaune a kai. Bodin ne ƙarshe, shi ne mafi nauyi, muka kafa shi a tsaye muka ɗauka a kafaɗa, takwas gaba takwas baya. Baba ya zo ya sa hannu a gefe, ba don yana da ƙarfin ɗauka ba. Ba ka jin komai sai takun ƙafa da numfashi, da mai cewa a hankali, a ɗan karkata.

Abin da na yi wata bakwai ina nema ke nan, ga motar tana fita titi, amma ko ɗigon murna babu a raina.

Malam Sule yana tsaye a bakin soronsa, ya janye ƙafa don mu samu hanya. Muna daidai ƙofar, ƙarfen yana gogar katangar masallaci kaɗan, sai na ji muryar Inna 'Yardada daga bayan labule, ƙasa-ƙasa.

"Malam, ta wuce?"

Ya jira har na bayanmu suka fice daga matsatsin, sannan ya juya ya ce, "Ta wuce, 'Yardada. Fito ki sha iska."