Garwashi a Hawan Ɗa'ifa

Hantsi bai gama ɗagawa ba Madina mai wanki ta shigo layinsu Luba a unguwar Hindawiyya ta Jidda da labari a baki, ko ƙunshin da ke kanta ba ta sauke ba. Wai an sami wani direba Bahaushe a mace cikin babbar motarsa a hawan Ɗa'ifa. Ba haɗari ya yi ba. Motar na tsaye lafiya lau a gefen hanya, gilasai a rufe, shi kuma yana kwance a kujera kamar mai barci, da kaskon gawayi a wajen ƙafarsa.

"Motar wa?" in ji Luba.

"Ta garejin Abdulghaffar, haka masu shayi suka ce. Suna kam wallahi ma adri, ban ji ba."

Madina irin mutanen nan ce masu kawo maka rabin labari su bar ka ka mutu da sauran. Ta wuce abinta.

Mijinta Rafi'u direban Abdulghaffar ne, kuma shekaranjiya ya ɗauki siminti ya hau Ɗa'ifa. A Jidda sanyi suna kawai ya tara, amma can kan duwatsu a wannan watan yana shiga har ƙashi. Da can direbobi barin inji suke yi yana aiki in sun tsaya hutawa, ɗuminsa na tasowa daga ƙarƙashin kujera, su yi barcinsu. Bana sai Abdulghaffar ya kafa doka: mota ta tsaya, a kashe inji. Ya ce dizal na ƙonewa a banza, injuna na tsufa ba tafiya, masu gidajen shayi na hanya kuma sun gaji da shaƙar hayaƙi. Duk wanda aka kama ya ajiye makulli. To, wanda kafilinsa, wato maigidan da ya tsaya masa, ya kora, iƙamarsa ta zaman ƙasa ma ta bi ruwa, kuma Rafi'u Bahaushen Sudan ne, ba a nan aka haife shi ba.

Sababbin motoci an sa musu wata 'yar na'ura a ƙarƙashin kujera, daffaya, mai shan dizal kaɗan tana hura ɗumi ko inji na kashe. Masu tsofaffin motoci irin Rafi'u kuwa bargo ɗai-ɗai aka raba musu, a dole an yi musu gata. Da ya dawo tafiyar farko yana tari kamar zai amayar da huhunsa, Luba da kanta ta je kasuwa ta sayo masa ƙaramin kaskon ƙarfe. Ita ke ƙulla masa gawayi a tsumma duk tafiya, har da wannan.

Ba ta san lokacin da ta faɗa gidan maƙwabciyarta Dela ba. Dela ta girme ta, kuma mijinta Bawa shi ma direban garejin ne, tare suka hau da Rafi'u. Sai dai shi sabuwar mota gare shi, kuma babu matar layin da ba ta sha labarin daffayar nan ba har ya gundure ta.

"Yaya Dela, sun ce da kasko! Da kasko aka same shi!"

Dela ba ta tsaya tambaya ba, ta zari abayarta daga ƙusa. "Ke, Rafi'u kaɗai ne mai kasko a duniya? Yalla, tashi mu je mu ji da kunnenmu. Kada ki yi wa mutum takaba yana raye."

Garejin na can bakin hanyar Makka, fili ne mai katanga, ƙasarsa ta yi baƙi da mai. Tsoho Na'ibi maigadi ya gan su, ya sunkuyar da kai, ya ce shi ma bai san ko wane ne ba, maigida ya hau dutsen da kansa tun safe. Wani malamin ofis ya leƙo ta taga ya ce musu ma fi khabar, babu labari, su koma gida. Har ya ƙara da cewa ai an hana hura wuta a mota, wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Dela ta watsa masa harara, ta ce in ya taɓa kwana a kan dutse da bargo ɗaya ya zo su yi magana. Ya ja tagarsa ya rufe.

Suka zauna a inuwar katanga. Duk motar da ta rage gudu a titi sai Luba ta miƙe, motar ta wuce, ta koma ta zauna.  Tana ta ganin hannunta yana ƙulla tsumman gawayin nan, tana ta jin kanta tana ce masa ya rufe gilashi sosai kada sanyi ya shiga. Ɗansu Saleh bai ma iya tafiya ba tukuna. Me za ta ce masa in ya girma?

"Ki yi salati," in ji Dela. "Abu Saleh ba yaro ba ne. Kuma ai Bawa na tare da shi. In sanyi ya yi yawa, ina ce sai ya shiga motar Bawa su kwana? Tafiyarsu ɗaya, cinsu ɗaya. Halas, ki daina wannan rawar jiki."

Da aka kira azahar Dela ta zaga bayan ofis wajen famfo don ta yi alwala. Luba ta ci gaba da zama a inda take. A nan ne ta ji wani makanike, Othman, yana magana da maigadi a bayan ƙofa, bai san da mace a wajen ba.

"Ni dai ban yarda tsohuwar mota ba ce, Baba Na'ibi. Waɗannan tarkacen, iska na shiga ta ƙasa, ta ƙofa, ta ko'ina, kamar bukkar kara. Ka hura gawayi a ciki kanka kawai zai yi ciwo. Sabuwa ce mai kisa. Roba ce zagaye da ƙofofinta, in ka rufe ta kamar ka rufe tulu. Garwashi ya cinye iskar, kai kana jin daɗin ɗumi, barci ya kwashe ka, shi ke nan."

"To mai sabuwa me zai yi da gawayi, ga daffaya?"

"Daffayar da ke toshewa in dizal ya yi datti? Biyu na gyara a satin nan. In ta mutu maka a kan dutse, inji kuma an ce kada ka tayar, ya za ka yi?"

Luba ta ji wani abu ya saki a ƙirjinta, numfashi ya shiga mata karo na farko tun safe. Sai kuma ta tuna cewa a cikin waɗanda suka hau shekaranjiya, Bahaushe mai sabuwar mota ɗaya ne tak, mijin Dela. Ta kama bakinta da hannu biyu. Ta so ta roƙi Allah, ta rasa abin da za ta roƙa, domin duk addu'ar da ta ɗauko sai ta ga tana kashe mijin wata. Kuma zancen makanike ne kawai, bai ga komai da idonsa ba. Yanzu tsoron ya zama biyu, ga kunya a kai.

Dela ta dawo fuskarta da danshin ruwa, ta shimfiɗa mayafi ta ta da salla. Tana cikin raka'a ta biyu wata tsohuwar mota mai ƙarar tsiya ta karyo kwana ta nufo ƙofa. Luba ta san wannan ƙarar ko a cikin barci. Ta ruga, takalminta ɗaya ya tsaya a baya.

Rafi'u ya sauko, idanunsa jajur, leɓɓansa a bushe. Bai yi mata murmushi ba. Ya dubi bayanta, ya hango mai salla, ya rage murya.

"Daffayarsa ta mutu a hawa. Ya zo ya ce in ara masa kaskon, shi ƙirjinsa ba ya son sanyi. Na ce ɗauka, ni na saba. Da asuba na yi ta buga masa ƙofa, Luba. Na yi ta bugawa."

Dela ta sallame, ta taso tana gyara abaya, fuskarta cike da fara'a.

"Alhamdu lillahi! Ba na gaya miki ba? Ga shi nan da ƙafarsa. Sannu da hanya, Abu Saleh, ka kusa kashe mana yarinya da tsoro. Ina ɗan'uwan naka, yana baya?"

Rafi'u ya dubi ƙasa. Ya yi abin da mutanenmu ke yi, ya ce, "Yaya Dela, Bawa ba ya ɗan jin daɗi ne. Jikin ya matsa masa. Ki zo mu kai ki gida tukuna."

"Gida?" in ji Dela. "Ba asibiti ba?"

Ta dubi Rafi'u, ta dubi maigadi da ya cire hularsa yana murzawa, sannan ta juyo ga Luba, har yanzu da sauran murmushi a bakinta.

"Luba, ke ki gaya mini. Me ya sa gida?"