Fartanyar Mama Lucia

"Dutsen nan ba zai je ba, Mama. Akwai injin markaɗe a gida," in ji Dominic.

"To ka je ka ɗauko injin ya zama uwarka."

Silas direba ya yi dariya, ya durƙusa ya rungumi dutsen niƙan, ya ɗora shi a bayan a-kori-kurarsa kusa da randa. Tun hantsi suke lodi a ƙofar gidan a Tungan Maje, amma kayan ba su kai rabin mota ba. Mama Lucia ba ta da tarkace. Sai dai kowane abu da labarinsa, kuma ba ta yarda a ɗora shi ba a ji labarin ba.

Kujerar tsuguno, marigayi Yamusa mijinta ne ya sassaƙa ta, ƙafa ɗaya gajeriya kamar haƙurinsa. Rediyon da aka ɗaure da roba tasha ɗaya yake kamawa, ita ce kuma take so. Kofin silba ya lotse a gefe, amma a cewarta shayi a wani kofin ruwan zafi ne kawai.

Watan jiya ta zame a bakin rijiya, ta kwanta a asibiti. Dominic, wanda ke gyaran injuna a wata masana'anta a Idu, ya daɗe yana roƙonta ta koma wurinsa a Kurudu. Wannan karon ta yarda, amma da sharaɗi. "Zan gwada," ta ce. "In wurin bai karɓe ni ba, Silas ya san hanya."

Kauthar maƙwabciyarta ta leƙo da ƙullin daddawa a hannu.

"Yanzu za ki tafi ki zama 'yar birni? Ni da wa zan yi faɗa?"

"Ki yi da akuyarki. Ita ma ba ta jin magana."

"Ungo, ki sa a miya. Na san can sai dunƙulen kanti."

Ba wadda ta yi kuka. Mama Lucia ta shiga gaban mota ta zauna bakin taga, Dominic a tsakiya. Abu ɗaya ta hana a sa a baya, wata 'yar fartanya da ƙotarta ta yi santsi saboda riƙo. Ta jingine ta tsakanin ƙafafunta.

Tafiyar ta yi mata daɗi. A Zuba ta sa Silas ya rage gudu don ta shaƙi ƙanshin mangwaro da lemo daga kasuwar 'ya'yan itace. A babban titin Kubwa ta yi ta yaba zanen da ke bayan manyan motoci, zaki mai fuskar kyanwa ya fi ba ta dariya. Ta leƙa sama ta ce hadarin nan na gobe ne, ba na yau ba. Dominic ya ji hankalinsa ya kwanta. Ya gyara mata ɗaki, tayil da fanka da talabijin. Ya tabbata bai bar komai ba.

A cunkoson Nyanya, mota ta tsaya cik, ta dafa gwiwar Dominic.

"Baban Kindness, ka san bayan kicin ɗinka, inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa?"

"Na sani, Mama."

"Da na zo Kirsimeti na duba ƙasar wurin. Baƙa ce wuluk, irin ta gonar babanka ta fadama. Na kafa 'yan sandunan shuwaka, na watsa karkashi da yakuwa. Ban gaya maka ba, don za ka ce in huta." Ta yi murmushi. "Yanzu da ruwa ya sauka, sun isa su yi kyau. Su nake so in gani. Ba don su ba, da ba ka ɗaga ni ba."

Makon jiya Dominic ya sa aka shimfiɗa intalok, bulon daɓe, a tsakar gidan gaba ɗaya, daga get har bayan kicin, don kada ta sake taka taɓo. Da leburori suka tambaye shi ciyawar bayan fa, ya ce su share. Silas ne ya yi jigilar bulon. Yanzu Silas ɗin ya ƙura wa motar gabansa ido kamar bai taɓa ganin mota ba.

Helen, matar Dominic, ta tarbe su a get, ta durƙusa.

"Sannu da zuwa, Mama. Ya hanya?"

"Lafiya lau, 'yata. Kin yi ƙiba, ya yi kyau."

Mama Lucia ba ta shiga ɗaki ba. Da fartanyarta a hannu ta zagaya bayan kicin, Dominic na biye da ita. Bulo ja da fari, an jera su tsaf har jikin katanga. Ta tsaya ta daɗe tana kallo. Ta taka da ƙafa, ta sake takawa.

"Ya yi kyau," ta ce. "Ko kaza ba za ta ɓata ƙafa ba."

Ta dawo gaba, ta tarar Silas ya fara taɓa igiyar kaya.

"Ɗana, kada ka kwance tukuna. Zo ka ci abinci."

A kicin Helen ta rage murya. "Na gaya maka ba ciyawa ba ce."

"Ba ki gaya min ba."

"Na faɗa. Kana waya da oganku."

Mama Lucia ta ci tuwon a baranda, ta yaba miyar, ta tambayi lafiyar jikarta Kindness da ke makarantar kwana. Ta leƙa ɗakin daga bakin ƙofa ta ce fankar tana da ƙarfi. Takalmanta na ƙafarta. Jakarta na kan cinya.

Dominic ya jawo kujera ya zauna kusa da ita.

"Mama, don kada ki sake zamewa na yi."

"Na sani. Allah ya yi maka albarka." Ta wanke hannu a kwano. "A asibiti ma ba wanda ke zamewa."

"Ana shuka a buhu yanzu, Mama," in ji Helen. "Na gani a gidan wata ƙawata, har tumatir."

"Na ji ana yi, 'yata. A ina zan sa fartanya a buhu?"

Ta juya wurin Silas ta tambaye shi ko hanya tana yin sauƙi kafin la'asar. Silas ya dubi Dominic, ya ce, "Ya danganta, Mama."

Dominic ya tashi. Ya buɗe bayan motarsa da ke fake a tsakar gida, ya ɗauko ƙarfen cire taya, ya zagaya bayan kicin. Bulon farko ya yi gardama. Da ya fita, na kusa da shi suka biyo da sauƙi. Ya cire kamar faɗin tabarma, gumi ya jiƙa masa riga, sannan ya ga inuwarta a kansa.

"Ba nan ba," ta ce.

"Ba nan kika ce ba?"

"A da ke nan. Yanzu maƙwabcinka ya ɗaga katanga, ba ka gani ba? Rana ba za ta ƙara shigowa nan ba sai ta yi tsaka. Mai da su."

Ta juya, ta fara zagaya gidan a hankali, tana duba sama, tana duba inuwa. Ta wuce tankin ruwa. Ta wuce igiyar shanya. Ta tsaya a gaban motarsa, ta ɗora hannu a kan gilashin.

"Nan rana take fara sauka."

Helen ta dubi mijinta. A layin nan an sha cire batir da madubi a motocin da suka kwana a waje, kuma gidan ba shi da wani wurin da mota za ta shiga. Dominic ya dubi motar. Ya dubi jakar da har yanzu ke rataye a kafaɗar uwarsa. Ya laluba aljihu ya jefa wa Silas makulli.

"Fitar da ita."

"Oga, waje?"

"Waje."

Su biyu suka yi ta cire bulo suna tarawa a jikin katanga. Ƙarƙashi yashi ne fari. Mama Lucia ta miƙa wa Helen jakar, ta cire takalma, ta gyara ɗaurin zani. Sara kaɗan ta yi, baƙar ƙasa ta bayyana. Ta damƙo ta, ta murza, ta kai hanci.

"Ta sha wuya, amma da ranta. Kashin kaji take so." Ta ɗaga kai. "Kai Silas, kayana za su kwana a rana ne? Randar a hankali, ta girme ka. Helen, wa ke kiwon kaji a layin nan?"

"Maman Israel, can wajen kwana. Amma Mama, ba ki san ta ba."

"Za ta san ni."

Ta ɗauki bokiti ta saɓa a kafaɗa, yadda matan garinsu ke ɗaukar kaya, ta fita ba takalmi. Dominic ya buɗe baki zai ce ta kula da hanya, ya fasa. Yana tsaye da bulo a hannu ya jiyo sallamarta daga nesa, da ƙarar get, sai kuma dariyar wata mata da bai taɓa gaisawa da ita ba.

"Motar fa?" in ji Helen.

"Zan dinga cire batir da yamma."

Ya ajiye bulon, ya sa ƙarfe a ƙarƙashin na gaba.